Darasi na Tara: Allurar Rigakafi a Asibitin Unguwa

Manufar darasi

Bayan wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda rigakafi yake aiki a jikin mutum;
2. lissafa lokutan da ake kai yaro asibiti, tun daga ranar haihuwa har ya cika wata 15;
3. duba katin rigakafi ya gane ranar komawa;
4. faɗin alluran da suka shafi manya;
5. bambance zazzaɓin da ba na damuwa ba da alamomin da ke sa a koma asibiti nan take.

Shimfiɗa

Dattawanmu da yawa suna da tabon lamba a damtse. Ku tambaye su, za su ba ku labarin agana, cutar da takan shiga gari ta kashe na kashewa, ta makantar da wasu, ta bar sauran da zanzana a fuska har ƙarshen rayuwa. Yau babu agana a ko'ina a duniya. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga jama'a an same shi ne a Somaliya a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an ga bayanta. Ba wani magani aka gano da ke warkar da ita ba. Lamba aka yi ta yi wa mutane, gari bayan gari, har cutar ta rasa jikin da za ta shiga.

Tun 1974 hukumar ta fito da shirin yi wa yaran duniya rigakafi a kai a kai, kuma ƙasashenmu sun shiga cikinsa. Amma har yanzu da sauran aiki. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 100 masu shekara ɗaya zuwa biyu, kimanin 31 ne kawai suka samu dukkan alluran farko, kuma jihohin arewa maso yamma da arewa maso gabas ne suka fi zama a baya. A 2023 an ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 2 a Najeriya ba su samu ko da allurar farko ta jerin ba.

Akwai waɗanda ba sa zuwa sam, amma akwai kuma masu yawa da suke farawa su watsar. Wasu kuma suna zaton ɗigon shan inna da ake bi gida gida ana yi shi ne rigakafin gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Rigakafin yau da kullum jeri ne, ana yin sa a asibiti a ranakun da aka tsara, kuma amfaninsa yana cika ne idan an kai ƙarshe.

Yadda rigakafi yake aiki

Allah Ya halicci jikin mutum da garkuwa. Idan ƙwayar cuta ta shiga, akwai dakaru a cikin jini da ke tasowa su yaƙe ta. Matsalar ita ce, a karon farko dakarun ba su san ta ba. Kafin su gane ta su shirya, sai an yi kwanaki, kuma a cikin kwanakin nan cuta kamar ƙyanda ko sanƙarau tana iya kayar da ƙaramin yaro.

Rigakafi yana gabatar wa jiki da ƙwayar cutar kafin ta zo da ƙarfinta. Abin da ke cikin kwalbar ko dai ƙwayar da aka kashe ce, ko wadda aka raunana ta yadda ba za ta iya yin ɓarna ba, ko kuma wani ɗan yanki nata. Kamar a nuna wa 'yan sintirin unguwa hoton ɓarawo ne tun bai zo ba: ranar da ya hauro katanga, ba sai an tsaya tambayar ko wane ne ba. Jiki yakan ɗauki kamar mako biyu kafin ya gama wannan shiri, shi ya sa ba a jira sai annoba ta ɓarke.

Ku lura da bambanci guda. Magani ana ba marar lafiya ne don ya warke. Rigakafi ana yi wa mai lafiya ne don kada ya kwanta. Saboda haka maganar "ai yaron nan lafiyarsa ƙalau" ba dalilin ƙin kai shi ba ce. Lokacin da ya dace ke nan.

Jadawalin yaro

Ga jadawalin da asibitocin gwamnati ke bi a Najeriya. Na Jamhuriyar Nijar ya yi kama da shi ƙwarai, sai ɗan bambanci da ma'aikatan lafiya za su nuna muku.

Zuwa na 1, ranar haihuwa: allurar BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta.

Zuwa na 2, mako 6: Penta ta farko, allurar ciwon huhu, ɗigon shan inna, allurar shan inna, da ɗigon gudawa na Rota.

Zuwa na 3, mako 10: Penta ta biyu, allurar ciwon huhu, ɗigon shan inna, da ɗigon Rota.

Zuwa na 4, mako 14: Penta ta uku, allurar ciwon huhu, ɗigon shan inna, allurar shan inna ta biyu, da ɗigon Rota.

Zuwa na 5, wata 9: allurar ƙyanda, ta shawara, da ta sanƙarau.

Zuwa na 6, wata 15: allurar ƙyanda ta biyu.

Tun daga wata 6 kuma ana ɗiga wa yaro sinadarin bitamin A, a maimaita duk bayan wata shida. Ba rigakafi ba ne, amma yana ƙarfafa jiki da ido. A ƙarshen 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa, ana farawa da yara 'yan wata 5. Ku tambaya ko ya iso asibitinku. Ko ya iso, bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Zuwan farko shi ne wanda aka fi sakaci da shi, musamman idan an haihu a gida. Al'adarmu ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Amma uwa tana iya ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ba ta sani ba, jaririn ya ɗauka wajen haihuwa, cutar ta zauna shiru a jikinsa shekara da shekaru kafin ta lalata hanta. Allurar tana aiki sosai ne idan an yi ta cikin awa 24 na farko. Ba sai maijego ta fita ba: kaka, ko goggo, ko ungozoma tana iya lulluɓe jaririn ta kai shi, a dawo da shi kafin a daɗe.

Zuwa na biyu yana da sauƙin tunawa. Mako 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Daga nan sai a ƙirga mako huɗu huɗu sau biyu.

Penta allura ɗaya ce mai kare cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora da ake kira tetanas, ciwon hanta, da wata ƙwaya mai kawo wa ƙananan yara sanƙarau da ciwon huhu. An fara ta a Najeriya a 2012. Sau uku ake yin ta, domin ta farko gabatarwa ce kawai, ta biyu da ta uku su ne ke sa garkuwar ta kafu. Mun ga abin da rashin cika ta ke jawowa. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo da ƙarfi, ya fi tsanani a Kano, ya taɓa Yobe, Katsina, Borno da Bauchi. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata mai kauri a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya gagara. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne da ba a yi wa allurar ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba.

Me ya sa ake jinkirta ta ƙyanda sai wata 9? Domin jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samu daga uwa, kuma wannan garkuwa tana hana allurar kamawa idan an yi ta da wuri. Wajen wata tara garkuwar uwa ta ja baya. Duk da haka, a cikin yara 100 da aka yi wa a wata tara, kimanin 15 allurar ba ta kama su. Ta wata 15 ita ce ke cike wannan giɓi. Kada a raina ƙyanda don ana ce mata baƙon dauro. Ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma a cikin yara goma marasa rigakafi da suka zauna da shi, tara za su ɗauka. Tana barin yaro da makanta, ko ciwon huhu, ko gudawa da rama, wani kuma ba ya tashi.

Abin da za ku gani a asibiti

Mafi yawan asibitocin unguwa da na sha-ka-tafi suna da ranar rigakafi a mako. Ku san ranar taku, ku fita da wuri. Za a karɓi kati, a auna nauyin yaro, a rubuta a babban littafi, sannan a kira ku. A asibitin gwamnati rigakafin yara kyauta ne.

Ku dubi yadda ma'aikaciya ke aiki. Ba ta ajiye kwalaben a kan tebur cikin zafi. Tana ciro su daga wani akwati mai ƙanƙara, domin maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga ma'ajiyar jiha har hannunta. A wuraren da ba wuta, firji mai aiki da hasken rana ake amfani da shi. A jikin kwalba ko a murfinta akwai wata 'yar alama: da'ira mai duhu, a tsakiyarta murabba'i mai haske. Idan zafi ya taɓa maganin, murabba'in yakan yi ta duhu. Da zarar ya yi daidai da launin da'irar, ko ya fi ta duhu, an daina amfani da kwalbar. Kuna da ikon ku ce a nuna muku.

Sirinji kuma sabo ake ɓarewa a gabanku. An ƙera shi ta yadda idan an danna shi sau ɗaya yakan kulle, ba ya sake jan magani. Da an gama sai a jefa shi cikin kwalin da aka tanada don ƙonawa.

Wani lokaci za a ce muku ta BCG ko ta ƙyanda sai rana kaza. Ba wulaƙanci ba ne. Waɗannan a gari suke zuwa, sai an haɗa su da ruwansu, kwalba ɗaya ta yara goma ce ko ashirin, kuma idan an haɗa ba ta wuce awa shida. Shi ya sa wasu asibitocin ke tara yara a rana ɗaya. Ku tabbata an faɗa muku ranar, an kuma rubuta ta.

Kafin ku tashi, ku tambayi abu uku: wace allura aka yi yau, me zai iya biyo baya, kuma yaushe za a dawo. Ku ɗan zauna kamar minti 15 bayan an gama. Katin kuma ku sa shi a leda, ku ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba. Idan an tafi wankan gida, ko cin rani, ko an yi ƙaura, a tafi da shi, domin kowane asibiti zai ɗora daga inda aka tsaya.

Karatu: Inna da ma'aikaciyar lafiya

Ɗalibai biyu su karanta wannan hira a bayyane.

Ma'aikaciya: Sannu da zuwa, Inna. Kun zo lafiya? Ina uwar yaron?

Inna: Lafiya lau, 'yar nan. Tana gida, ba ta jin daɗi, shi ne na ce bari in kawo shi da kaina. Ga katin.

Ma'aikaciya: Allah Ya ba ta lafiya. Inna, na ga wata bakwai gare shi, amma tun ta mako shida ba a dawo ba.

Inna: Ke dai bari. Ranar da aka yi masa waccan, kwana muka yi ba barci. Jiki zafi rau, cinya ta kumbura. Ubansa ya ce an kai yaro lafiya an dawo da shi ba lafiya, ba za a sake ba.

Ma'aikaciya: Kwana nawa zazzaɓin ya yi?

Inna: Washegari da yamma ya sauka.

Ma'aikaciya: To, haka Penta take yi wa yara da yawa. Alama ce jiki ya karɓa yana aiki. Da an gaya muku tun farko, da hankalinku bai tashi ba. Yanzu me ya sa Malam ya yarda?

Inna: Mashaƙo ya shiga gidan maƙwabtanmu. Shi da kansa ya ce a kawo shi. Amma tunda an daɗe, sai an sake daga farko ko?

Ma'aikaciya: A'a, Inna, ba a sakewa. Ta farko tana nan ba ta ɓace ba. Yau za a yi ta biyu, bayan mako huɗu ta uku, idan ya cika wata tara kuma ta ƙyanda.

Inna: Ga shi kuma yana 'yar mura.

Ma'aikaciya: Mura da ɗan tari ba sa hanawa. Sai yaron da ke kwance sosai ne muke fara yi wa magani tukuna. Ku riƙe mini ƙafarsa da kyau.

Inna: Bismillahi. Yi haƙuri, maigidana, yanzu za a gama.

Ma'aikaciya: Shi ke nan. Ga ranar komawa na rubuta a nan. Ku nuna wa Malam, ku ce ina gaishe shi.

Inna: Zai ji. Allah Ya yi miki albarka.

Bayan an yi allura

Zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, rigima, da ɗan kumburi a wurin allura abubuwa ne da aka saba gani. A ci gaba da ba da nono sosai, a rage wa yaro kaya masu nauyi, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a wurin. Kada a gasa, kada a murza, kada a shafa man zafi. Farasitamol na yara sai gwargwadon da ma'aikacin lafiya ya faɗa.

BCG tana da nata hali. Bayan mako biyu zuwa uku wani ɗan ƙurji zai fito a damtsen hagu, ya fashe, ya yi ɗan ruwa, sannan ya warke ya bar tabo. Kada a matse shi, kada a sa masa magani.

A koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan yaro ya yi jijjiga, ko numfashi ya yi masa wuya, ko fuska ta kumbura, ko ya ƙi nono gaba ɗaya, ko ya yi ta tsala kuka sama da awa uku, ko zazzaɓi ya wuce kwana biyu. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma sau da yawa wata cuta ce dabam, kamar zazzaɓin cizon sauro, ta faɗo a daidai lokacin. Ko ma mene ne, likita ne zai tantance.

Rigakafin manya

Mata masu ciki da waɗanda ke shekarun haihuwa. A wajen awo ana yin allurar tetanas da mashaƙo. Biyar ce a jere: ta farko a zuwan farko, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika biyar ta samu kariya tsawon shekarun haihuwarta. Garkuwar tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki. Ƙwayar tetanas tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta cibiya idan an yanke ta da tsohuwar reza ko an shafa mata toka da makamantanta. Jariri zai kama nono lafiya kwana biyu, daga baya ya kasa tsotsa, muƙamuƙi da baki su sandare, kuma kaɗan ne ke tsira. Allurar uwa da tsabtar cibiya su ne maganin abin.

'Yan mata. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara allurar HPV ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allura ɗaya ce, tana kare su daga ƙwayar da ke haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu a cikin sankarar da ta fi kama matan ƙasar.

Manoma, maƙera, mahauta da magina. Duk wanda ƙusa, fartanya ko ƙarfe ya ji wa rauni mai zurfi, ya wanke ya je asibiti a duba ko yana bukatar allurar tetanas. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare idan ya bayyana ba ya da magani.

Ciwon hanta. Babba yana iya yin gwaji, idan ba ya ɗauke da ƙwayar a yi masa allura uku cikin wata shida. Wannan ya fi zama dole ga ma'aikatan asibiti, wanzamai, ungozomomi, da wanda mijinta ko matarsa ke da cutar. Ta manya a wurare da yawa ana biya.

Matafiya. Allurar shawara sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma ita ce ake rubutawa a katin nan mai ruwan ɗorawa da ake nema a kan iyaka. Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci sai da shaidar allurar sanƙarau. Mai ciki ta faɗa wa ma'aikaci tun kafin a yi mata kowace allura, domin akwai waɗanda ba a yi wa masu ciki.

Shakku da amsoshinsu

Shakkar da mutanenmu ke yi ba daga sama ta faɗo ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Trovan maganin warkarwa ne da ake gwaji, ba rigakafi ba, amma abin ya bar tabo a zukata. Darasin da ke ciki shi ne mutum ya yi tambaya, kuma a ba shi amsa. Alluran da ke cikin jadawalin nan ba na gwaji ba ne; hukumar NAFDAC ta yi musu rajista, kuma irinsu ake yi wa yara a ƙasashen duniya.

A 2003 jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ta sa wasu jihohin arewa suka dakatar da shi. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin. Sakamakon haka cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan, Yaman da Indonesiya, yara da yawa suka shanye. Daga baya sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka shiga aikin tare da malamai da masu unguwanni. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shi. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a shekarun nan su ne yau ke zuwa asibiti da goyo.

To me ya sa har yanzu ake bi gida gida ana ɗigo, ana shafa tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a bango? Domin akwai wani nau'in ƙwayar da ke yawo a wuraren da yara da yawa ba su da rigakafi, kuma ɗigon yana bukatar maimaici kafin ya kama, musamman ga yaro mai yawan gudawa. Ku karɓa duk lokacin da aka zo. Amma shan inna kaɗai ɗigon yake karewa. Ba ya hana ƙyanda, ba ya hana mashaƙo.

Masu cewa rigakafi rashin tawakkali ne, su tuna da Sayyidina Umar. Yana kan hanyar Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Ɗaukar mataki ba ya kore imani da ƙaddara.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Jaririn da bai kai wata tara ba, ba shi da abin da zai kare shi daga ƙyanda sai yaran da ke kewaye da shi. Idan kusan 95 cikin 100 na yaran unguwa sun samu allura biyu, cutar ba ta samun hanyar yawo. Gidan da ya ƙi, ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin magani da rigakafi?
2. Sau nawa ake kai yaro asibiti don rigakafi daga haihuwa zuwa wata 15?
3. Waɗanne cututtuka biyar Penta ke karewa?
4. Me ya sa ake son allurar ciwon hanta cikin awa 24 na farko?
5. Yaro ya tsallake allurar mako 10, yanzu watansa shida. Me za a yi?
6. Kawo alamomi uku da ke sa a mayar da yaro asibiti nan take.

Lissafi

An haifi jaririya ranar Litinin, 3 ga Maris. Mako 6 ya kama Litinin, 14 ga Afrilu. Ku duba kalanda ku fitar da ranar mako 10, da ta mako 14, da ranar da za ta cika wata 9.

Tattaunawa a aji

Ku kasu gida biyu, maza ko mata gwargwadon ajinku. Kashi ɗaya ya kawo dalilan da ke hana mutanen unguwarku kammala rigakafi: nisa, kuɗin mota, rashin izinin maigida, dogon layi, tsoron zazzaɓi. Ɗaya kashin ya kawo mafita ga kowane dalili. Wane taimako mai unguwa da limami za su iya bayarwa?

Aikin gida

Ku je asibitin da ya fi kusa da ku, ku rubuto ranar da ake rigakafi da lokacin da ake farawa. Sannan ku tattaro katunan yaran gidanku 'yan ƙasa da shekara biyu, ku gwada kowanne da jadawalin da ke cikin wannan darasi, ku zo da sakamakon aji na gaba. Maigida, wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne: izini da kuɗin mota daga gare ka suke. Duk katin da kuka samu da gurbin da ba a cike ba, a kai mai shi asibiti a ranar rigakafi ta wannan makon.